Kilo Nawa, Lita Nawa? Amsoshin Tambayoyinku

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina sarar man gyaɗa a wurin masu inji. Su da kilo suke aunawa, ni kuma da lita da kwalba nake sayarwa. An kawo mini duro an ce kilo 180 ne. Ɗana ya buga lissafi ya ce lita 165 zan samu, wata abokiyar sana'a kuma ta ce kilo da lita duk ɗaya ne. Wane ne da gaskiya? Daga wata mai sayar da mai, Ƙofar Marusa, Katsina.

AMSA: Wa alaikumus salam, Hajiya. Duka biyun ba su dace ba. Ruwa ne kaɗai lita ɗayansa ke daidai da kilo ɗaya. Kowane abu mai ruwa-ruwa yana da nauyin litarsa, wanda 'yan makaranta ke kira densiti, kuma na man gyaɗa yana tsakanin kilo 0.91 da 0.92. Mu ɗauki 0.915. Don sanin lita, sai ki raba kilo da wannan adadi: 180 a raba da 0.915 ya ba da lita 196.7, kusan 197 ke nan. Ɗanki ninkawa ya yi a inda ya kamata ya raba, shi ya sa lita 32 suka ɓace masa a takarda.

Ga yadda za ki gane irin wannan kuskure ko babu na'urar lissafi. Mai yana tasowa a saman ruwa, wato ya fi ruwa sauƙi, don haka dole yawan litarsa ya ɗara yawan kilonsa. Kada kaurinsa ya ruɗe ki. Kauri jinkirin zuba ne kawai, ba shi ke nuna nauyi ba.

Wajen kuɗi kuwa ninkawa ake yi. A ce an sayar miki da kilo a kan naira 2,000, to lita ta tsaya miki 2,000 sau 0.915, wato naira 1,830, kafin kuɗin mota da na dako.

Sai dai kafin ki amince da 197 ɗin, ki tambayi mai inji: 180 ɗin nan man ne zalla, ko har da duron? Duron ƙarfe babu komai a ciki yakan kai kilo 15 zuwa 20. Idan naki kilo 18 ne kuma ba a cire ba, man da kika saya kilo 162 ne, lita 177. Lita ashirin sun tafi a kuɗin ƙarfe. Rigima tsakanin masu inji da masu sari takan taso daga nan, kuma maganinta a auna duron kafin a zuba mai, a rubuta nauyin a jikinsa da fenti.

A ganinmu ma gara ki fitar da nauyin litar manki da kanki, tunda na gargajiya da wanda aka tace a kamfani sukan ɗan bambanta. Samu jarka busasshiya ki ɗora a sikeli, a ce ta ba da kilo 1.2. Zuba ruwa har sikeli ya nuna 26.2, wato ruwa kilo 25, lita 25 cif. Yi alama a inda ruwan ya tsaya, don jarkar da ake kira ta ashirin da biyar takan ci fiye da haka idan an cika ta har baki. Zubar da ruwan, ki kife ta ta bushe sarai, sannan ki zuba mai zuwa alamar. Idan sikeli ya nuna 24.1, cire 1.2, saura 22.9. Raba da 25, kin samu 0.916. Kada ki yi gwajin da kwalbar lita ɗaya a sikelin kasuwa: kuskuren giram 100 a kwalba ya haura kashi goma cikin ɗari, a jarka kuwa bai kai rabin kashi ɗaya ba.

Saura zafi. Mai yana kumbura da misalin kashi 0.07 cikin ɗari a kowane digiri. Tsakanin asubar hunturu mai digiri 15 da azahar ɗin Afrilu mai digiri 40, duro guda zai iya nuna bambancin lita uku da rabi, alhali nauyinsa bai motsa ba. Shi ya sa masu inji suka riƙe sikeli. Idan aka auna miki da lita yana da ɗumin inji, to da ya huce za ki ga ya sauka.

TAMBAYA: Ina sayen zuma da kilo daga masu amya, ina ƙullawa a kwalabe. Me ya sa kilo goma ba ya cika mini kwalba goma? Kuma sikeli zai iya tona zumar da aka yi wa algus? Daga wani mai sayar da zuma, Daura.

AMSA: Malam, ita zuma akasin mai ce, ta fi ruwa nauyi sosai. Litar zuma nunanniya kilo 1.42 ce ko kusa da haka. Kilo goma a raba da 1.42 ya ba da lita bakwai da ɗan ɗori, kilo ɗaya kuma mililita 704. Idan kwalabenka na lita ɗaya ne, bakwai za ka cika. Idan na santilita 75 ne, kowace tana cin kilo 1.07, za ka cika tara da saura kaɗan. Wannan bayan an tace ke nan, domin idan da saƙa aka auna maka, nauyin kakin ma ka biya.

Batun algus, sikeli yana kama ruwa. Zuma mai kyau ruwan cikinta kashi 17 zuwa 18 ne cikin ɗari, kuma ƙa'idar cinikin duniya ba ta yarda ya wuce 20 ba. Litar da ta faɗo ƙasa da kilo 1.38, ko an sirka ta da ruwa ko an ɗebe ta ba ta nuna ba, kuma irinta ce ke tsami tana kumfa a kwalba. Amma wanda ya dafa sukari ya yi kauri sosai zai iya kai nauyinsa kusa da na zuma, sikeli ba zai nuna komai ba. Wannan sai ɗakin gwaji. Ka kuma bar zumar ta kwana kafin ka gwada, saboda iskar da ta shiga wajen tacewa tana rage nauyin lita.

TAMBAYA: Wannan lissafin zai yi a kan gero da garin masara da muke aunawa da tiya? Daga wani ɗan kasuwar hatsi, Katsina.

AMSA: Ba zai yi daidai ba, Alhaji. Tsakanin ƙwayoyin hatsi akwai iska, kuma yawanta na sauyawa da girgizawa, da dannawa, da tozon da mai awo ya yi, da bushewar hatsin. Ka auna tiya goma a sikeli yadda ka saba cikawa, ka raba da goma. Adadin da ya fito na wannan buhun ne da wannan hannun, idan sabon hatsi ya shigo sai ka sake.