Amsa ga ƙanena mai jita a Damagaram

Sani ƙanena, saƙonka ya same ni da dare bayan na taso daga aiki, kuma kiɗa ukun da ka turo na saurare su har sau biyu kafin in kwanta. Ka ce Damagaram ta yi maka kaɗan, daga bikin aure sai suna ake kiran ku, kana so ka zo Faransa ka shiga ƙungiyar rok irin wadda nake ciki, ta hanyar karatu ko ta kowace hanya. Wannan "kowace hanya" ita ta hana ni barci.

Shekarata 11 a Liyon, ƙungiya huɗu na shiga, uku sun watse. Irin waɗannan ƙungiyoyi ba kamfanin da ke bayansu. Mu ke biyan ɗakin gwaji, mu yi hayar mota, mu ɗauki ampili (na'urar ƙara sauti) da ganguna da hannunmu. A sanyin bara mun yi tafiyar awa biyar zuwa wani gari, muka yi wasa a ɗakin ƙasa na wata mashaya gaban mutum talatin da ƴan kai. Da aka gama aka zagaya da hula, muka cire kuɗin mai da na hanya, kowa ya tashi da Yuro 25. A ƙasa muka kwana, falon wani da ba mu taɓa gani ba, yatsuna sun ƙage don sanyi. Litinin da asuba ina sito ina loda kwali, kuma lodin nan shi ke biyan hayar ɗakina. Ina son kiɗan har zuciyata, shi ya sa ban bari ba, amma bai taɓa ciyar da ni ba.

Akwai tsarin da ke tallafa wa mawaƙa da makaɗa a nan, sai dai sai ka tara awa 507 na aikin da aka rubuta maka a takarda cikin wata 12. Kuɗin hula ba ya shiga lissafi, wanda ba shi da takardun zama kuwa ba mai sa sunansa a kwangila. Ɗalibi an yarda ya yi aikin awa 964 a shekara, amma sai makaranta ta karɓe ka, ka nuna kuɗin ci da kwana. Ofishin jakadancin Faransa a Yamai kuma a rufe yake tun farkon 2024. Hanyar Agadas zuwa Libiya, don Allah don Annabi ka cire ta daga ranka.

Yanzu mu koma kan kiɗanka, don nan maganar take. Na farko da na biyu ka yi su da kyau, amma hannun Turawa ka ara, kuma masu irin wannan hannu a Liyon kaɗai sun fi ƴan kasuwar Dole yawa. Na ukun fa, inda ka sa jitar ta bi sawun kalangu tana amsa masa kamar maroƙi, shi na kunna wa mai gangarmu a mota. Ya rage gudu, ya ce in maido shi baya. Cikin shekara 11 ban taɓa kaɗa abin da ya sa shi yin haka ba.

Dubi waɗanda suka fita daga Nijar da jita. Mdou Moctar da wayar birkin keke ya haɗa jitarsa ta farko, a gidajen biki ya goge, a Sakkwato ya ɗauki faifansa na farko a 2008. Waƙoƙin suka yi ta yawo daga waya zuwa waya har suka kai kunnen kamfanin Sahel Sounds na Amurka, daga baya kamfanin faifai na Matador ya ɗauke shi. Bombino na Agadas, mai jitar ƙungiyar rok ta Amurka The Black Keys ne da kansa ya shirya masa faifan da ya fito a 2013. Marigayi Mamane Barka, ɗan Tesker a jiharmu, da gurumi da biram, wani kayan kiɗa mai tsirkiya na yankin tafkin Chadi, ya hau dandalin Turai. Dukansu gayyatar su aka yi, da biza da tikiti, saboda abin da suka ƙware a kai a gida. Bikin nan da kake rainawa, inda za ka kaɗa awa huɗu ba hutu mata na liƙa maka jaka-jaka, makaranta ce da abokan kiɗana na nan ba su taɓa samu ba.

Ka samo mai kalangun nan ku zauna, ku haɗa guda shida irin na ukun. Ku ɗauka da dare in gari ya yi shiru, ko a soron gidanku na Birni ne. Ka yi rajistar su a BNDA, ofishin kare haƙƙin mallakar fasaha na Nijar, kafin ka saka a intanet, ka kuma yi fasfo ka ajiye. Akwai mai zuwa gida bayan Sallah, zan ba shi wayoyin jita da ƙaramar na'urar ɗaukar sauti ya kawo maka. In sun kammala ka turo mini, na san mutum biyu masu shirya wasanni da zan kunna wa.

Ka gaida Inna, ka ce mata ina nan tafe da rani in Allah ya yarda.