Makirufon gawayi da rediyon zamani: a saya ko a bari?

Tambaya: Malam, ina gyaran rediyo a Bauchi, kuma na fara sha'awar rediyon oba-oba na masu lasisi. Na ga wani tsohon makirufo baƙi mai maɓalli a gefe wajen 'yan gwangwan, an rubuta T-17 a jikinsa. Mai shi ya ce na soja ne. In saya?

Amsa: Ɗan'uwa, mai gwangwan bai yi maka ƙarya ba. T-17 makirufon hannu ne da sojojin Amurka suka yi aiki da shi a Yaƙin Duniya na Biyu, kuma na gawayi ne. Amma kada ka ba da kuɗi sai ka ɗora masa mitar awon wuta.

A cikinsa akwai wani ɗan gurbi cike da ƙananan ƙwayoyin gawayi, a tsakanin faifai biyu. In ka yi magana, faifan gaba ya motsa, ya matse ƙwayoyin ya sake su, sai wutar da ke ratsawa ta ƙaru ta ragu daidai da muryarka. Wannan dabara ta fito ne a tsakanin 1877 da 1878, a hannun Thomas Edison da Emile Berliner a Amurka da David Hughes a Ingila, kuma ita ta riƙe wayar tarho kusan shekara ɗari.

To, ka saita mita a kan om, wato ma'aunin turjiyar wuta, ka danna maɓallin, ka duba. Mai rai zai nuna maka wani abu daga om 'yan gomomi zuwa ɗari biyu ko kusa da haka, kuma lambar ba za ta tsaya cik ba. Ka hura masa iska, ka karkata shi, za ka ga tana rawa. In ta kafe ba motsi, ka ɗan bubbuga shi a tafin hannu ka sake gwadawa, domin ƙwayoyin sukan dunƙule in sun sha laima, irin ta ɗakin ajiya da ya ga damina da yawa. In ya farfaɗo, saya, amma a farashin gwangwan. In bai motsa ba, ya zama na ado. Kada ka ce za ka buɗe gurbin ka daka gawayin girki ka zuba. Na ciki daga wani irin kwal mai tauri aka sarrafa shi, aka tace shi ƙwaya ɗaya daidai da 'yar'uwarta.

Tambaya: Ni daga Jekadafari nake a Gombe. Ina da makirufon gawayi mai aiki, ina kuma da rediyon Icom da na sha wahala kafin na mallake ta. Wani ya ce in canza fulogi kawai in soka. Haka ne?

Amsa: Wanda ya ba ka wannan shawara ba shi zai biya kuɗin gyara ba. Kada ka soka.

Makirufon gawayi ba ya haifar da wuta da kansa. Kamar kan famfo yake: sai da ruwa a tanki yake da abin da zai buɗe ya rufe. Dole a ba shi wuta daga waje, miliyamfa goma zuwa ashirin ta ishe shi. Tsofaffin rediyon soja an gina su ne da wannan tanadin. Rediyon zamani kuwa an yi ta ne don ƙaramin makirufo irin na wayar hannu, ko mai maganaɗisu. Gaskiya ne Icom tana turo kimanin bolt 8 ta layin makirufo, amma 'yar wuta ce siririya, ba ta kai abin da gawayi ke buƙata ba. Matsala ta biyu ita ce ƙarfi. In gawayi ya samu wutarsa, abin da yake fitarwa ya ninka abin da ƙofar rediyon ke jira sau da dama. Muryarka za ta fashe, ka fantsama cikin zangon maƙwabta, su riƙa yi maka Allah ya isa.

Mafita 'yar ƙaramar akwati ce a tsakani, wadda kowane mai gyara zai iya haɗawa da darma. Batir biyu na tocila, bolt 3 ke nan, sai rizisto mai om 100, sai makirufon, duk a jere. Daga mahaɗar rizisto da makirufo ka ɗauko sauti ta kwandensa mai maikurofarad 1, ka kai shi kan boliyum mai kilo'om 10. Daga ƙafar tsakiya ta boliyum ka sake sa wata kwandensa kafin rediyo, don ta tare wancan bolt 8 ɗin. Ka sa makunni a kan batirin, in ba haka ba ya yi ta zubewa a banza. Waya kuma mai sulke za ka sa, gajeriya, domin doguwar waya tsirara takan kwaso siginar rediyon ta mayar ciki, ka ji kuwa da gurnani. Wayar maɓallin magana daban take, ka duba littafin rediyonka ka ga ƙafar da take shiga, don Icom da Kenwood da Yaesu duk suna da fulogi mai ƙafa 8 amma kowa da jerinsa.

Ka fara da boliyum a ƙasa, kana ƙarawa a hankali kana kallon mitar ALC ta rediyon, wadda ke nuna in sautin ya yi yawa. Kada ka yi kwaɗayin ƙara wa makirufon wuta wai don ya yi ƙara. Wuta mai yawa tana ƙona ƙwayoyin, ka fara jin tsuwwa da ƙaras-ƙaras da ba sa tafiya.

Sai kuma abin da za ka samu bayan duk wannan wahala: murya siririya irin ta tsohon tarho, wadda ba ta wuce kusan 300 zuwa 3,000 na haz ba, da ɗan shuu a bayanta. A zangon masu sha'awa na mita 40 da dare, cikin hayaniya, irin wannan murya takan ratsa, wasu ma don ita suke nemansa. Amma a ra'ayina makirufon da ya zo a kwalin rediyonka ya fi shi kusan ta kowace fuska. Gawayi na ranar nishaɗi ne, ko na wanda yake da tsohuwar rediyon da aka yi dominsa.

Tambaya: Akwai kan tarho na zamanin NITEL a ɗakin mahaifina a Azare. Zai yi a Baofeng, ƙaramar oba-oba ta hannu?

Amsa: In mai lambobin juyawa ne, kusan tabbas gawayi ne a bakinsa, kuma sai da waccan akwati. Hanya mafi sauƙi: ka murɗe murfin bakin, ka cire na gawayin ka adana shi a kwalba mai murfi, ka dasa ƙaramin makirufo daga lalataccen iyafis a gurbinsa. Amma ka nemi izinin Baba tukuna. Sannan ka sani mallakar Baofeng ba lasisi ba ce. Sai hukuma ta ba ka lambar kira, irin masu farawa da 5N, kafin ka yi magana a zangon masu sha'awa.

Tambaya: An tallata mini wani makirufo mai dogon wuya da faffadan kai mai sheƙi, Astatic D-104, aka ce na gawayi ne.

Amsa: Ba na gawayi ba ne. Na kiristal ne, ba ya buƙatar waccan wuta, kuma tsohon kiristal ɗinsa ba ya jure zafi da laima. In ya taɓa yini a rufaffiyar mota cikin watan Afrilu a Gombe, ka ce wa mai shi ya haɗa shi da amfilifaya ka ji muryarka da kunnenka kafin ku fara ciniki.