Maguɗi, algus da tayin ƙarya a kasuwar hannun jari

Tambaya daga Zariya: Malam, muna ji a labarai ana cewa "maguɗin farashin hannun jari". Mece ce ma'anarsa a doka? Duk wanda ya sa farashi ya hau ya yi laifi ke nan?

Ko kusa. Idan kamfani ya ci riba, mutane suka yi rububin hannun jarinsa, farashi zai hau, kuma ba wanda za a kama. Abin da doka ke farauta shi ne ciniki na ƙarya. Mutum ya sayar da hannun dama ya saye da na hagu, kaya ba su sauya mai su ba, amma na gefe ya ga kamar kasuwa ta buɗe. Ko mutum biyu su haɗa baki suna ta cinikayya a tsakaninsu har farashi ya yi sama. Ko a baza labarin ƙanzon kurege, jama'a su afka, sannan mai labarin ya zazzage nasa ya bar su da asara. Amurka ta haramta wannan a dokar 1934, bayan rugujewar kasuwarta a 1929. A Nijeriya dokar zuba jari ta 2007 ta hana shi, wadda ta gaje ta a 2025 ma haka, SEC, hukumar kula da kasuwar hannun jari, ita ce kuma mai sa ido.

Abin da ke ba ni haushi shi ne yadda masu fassarar labarai ke kame-kame wajen neman sunansa da Hausa kamar ba mu san abin ba. Duk wanda ya zauna gaban malamin zaure ya ji najashi, wato tayin ƙarya. Yana cikin Muwaɗɗa, a hadisin Ibn Umar, kuma Imam Malik ya fayyace shi: ka taya kaya sama da kimarsu, ba ka da niyyar saye, don kawai wani ya biyo bayanka. Je ka kara ranar kasuwar Wudil ko Maigatari, ka tambayi dillalan shanu tayin ƙarya, za su ba ka labari har da ƙari. Sa ne ya koma takarda, kara ta koma kwamfuta. Amfani da kalmar maguɗi dai ba laifi, amma mun ɗora mata zaɓe, mun ɗora mata jarrabawa, har ta fara gajiya.

Tambaya daga Maraɗi: To ba za a ce algus ba?

A'a. Algus a jikin kaya ake yin sa, kamar zuba ruwa a nono ko cusa tsakuwa a buhun wake. Nan kuwa kayan lafiyarsu lau, farashin aka murɗe.

Wani kuma ya ce: me ya sa mai kaya ke cewa "albarka" alhali ƙin sayarwa yake yi?

Ladabi ne. Ba a ce wa mai tayi a'a gatsau, sai a yi masa addu'a, shi kuma ya gane ya ƙara. In an daidaita ne za ka ji "na sallama".