Wanki ba ya fitar da gubar da ganye ya riga ya sha

Tambaya: Assalamu alaikum. A nan Kano nake, ina sayen latas da alayyafo wajen masu lambun bakin Jakara. Na ji ana cewa ruwan da suke ba shukar yana da guba. Idan na wanke da gishiri na dafa sosai, ba shi ke nan ba?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki daina wankin, yana rage ƙasa da ƙwayoyin cutar da ke manne a jikin ganye. Sai dai matsalar Jakara ta wuce nan. Ruwan kwatocin birni ne, ga rafin Getsi yana kwararo masa dattin masana'antun Bompai, har da na majemu. A ciki ake samun ƙarafa masu guba: dalma da kadmiyom, da kuromiyom ɗin da ake jimar fata da shi. Saiwa ce ke zuƙo su, su zauna cikin ganyen. Ruwan wanki ba ya kai musu, tafasa kuma ba ta kashe ƙarfe.

Abin da ya fi damuna shi ne ba za ki ji komai yau ko gobe ba. Kadmiyom a ƙoda yake taruwa, sai ya shekara 10 zuwa 30 kafin rabinsa ya fita daga jiki. A yankin Toyama na Japan, manoma sun daɗe suna cin shinkafar da aka shayar da ruwan kogin Jinzu, wanda dattin wata mahaƙar ma'adinai ya gurɓata. Ƙodarsu ta lalace, ƙashinsu ya riƙa karyewa, sai a 1968 gwamnati ta amince kadmiyom ne. Dalma kuwa ƙwaƙwalwar yara take taɓawa, tun suna ciki.

Ganyaye irin su latas da alayyafo sun fi tumatir da kubewa ɗaukar ƙarafan nan. Don haka ki riƙa tambayar mai kayan gwari daga ina kayansa suka fito, ki fifita na ruwan dam ko rijiyar burtsatse, musamman idan kina da juna biyu ko ƙananan yara. Ki kula da ƙarancin jini ma, domin jikin da sinadarin ayon ya yi wa ƙaranci ya fi shan dalma.

Masu lambun ba na ganin laifinsu, ruwan da suka samu ke nan da rani, su ma daga gonar suke ciyar da iyalinsu. Masana'antar da ta saki ruwanta ba tare da tacewa ba, ita ya kamata hukuma ta tuhuma.