Amsa ga 'yar'uwar da ke son haɗa wurin ɗaukar hoto a kamun ƙanwarta

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Tun da na karanta tambayarki raina ya ƙi kwanciya, don halin da kike ciki na san shi ciki da bai. Kin ce kamun ƙanwarki ya matso, a tsakar gida za ku yi, mai dekoreshan ta yanka miki kuɗin da ya fi ƙarfinki a kan wurin hoto kaɗai, abin da ya rage a hannunki kuma bai wuce dubu 30 ba, kina tambaya ko za ki iya haɗawa da kanki. Za ki iya, wallahi za ki iya. Don girman Allah kada ki ci bashi saboda labule da balan-balan.

Ni a bikin babbar 'yata aka yi min. Wata aka haɗa ni da ita, na ga hotunan aikinta a Instagram masu ɗaukar ido, muka yi ciniki, na ba ta rabin kuɗi kafin alƙalami. Kuɗin adashina ne da na ɗauka, na hana kaina abubuwa da yawa ina zubi saboda wannan rana. Ta ce kafin azahar an gama kafa komai. Aka yi azahar, shiru. Na kira, ta ce "Hajiya ga mu nan a hanya." Aka kira la'asar, na sake kira, "Hajiya cunkoso ne." Daga nan waya a kashe. Ƙawayen amarya sun sha kwalliya, sun sha lalle, suna zagaye tsakar gida suna tambayata, "Mama, ina za mu tsaya?" Dangin ango suka iso, aka ba su kujeru suna fuskantar bangon da aka ce nan za a ƙawata, ba komai a jikinsa sai igiyar shanya da tankin ruwa a gefe. Sai dab da magariba wani yaro ya sauko daga adaidaita sahu da ƙarafuna biyu da wani farin ƙyalle duk ya yamutse, da jirwayen maiƙo a ƙasansa, ga furannin roba da ƙura ta mayar ruwan ƙasa. Ita ko ƙeyarta ba mu gani ba. Ina tsaye wata daga dangin ango ta dubi ta kusa da ita ta ce, "Au, wannan ne wurin hoton?" Ba ta rage murya ba, so take in ji, kuma na ji. 'Yata ta ɗago mayafi ta kalle ni, ta ce "Mama ba komai," idonta cike da ƙwalla. Wannan "ba komai" ɗin ita ta karya ni. Na shige ɗaki na rufe ƙofa na yi kuka mai isata, na wanke fuska na sake zizara kwalli na fito ina yi wa mutane murmushi. Daga baya na samu labarin ashe wani babban biki ta samu a zauren taro a ranar, ta kwashe kayanta masu kyau can, mu ta aiko mana ragowa. Na nemi ko rabin kuɗina, ta toshe lambata. Na bar ta da Allah, amma har gobe in na buɗe hotunan nan na ga tankin ruwa a bayan 'yata sai ƙirjina ya yi nauyi.

Shi ya sa da autata ta sauke Alƙur'ani za mu yi walima, na ce ba mai sake karɓar sisina. Fayif ɗin ruwa na roba na saya, irin na masu aikin famfo, na haɗa wurin hoton da kaina. In a Kano kike, ki je Ƙofar Ruwa. In ba nan ba, duk shagon kayan famfo akwai. Ki ce mai inci 1 kike so, kuma mai kauri, don siririn yana lanƙwashewa da zarar kin rataya masa yadi. A yanka miki a can shagon: biyu masu ƙafa 7 na tsaye, ɗaya mai ƙafa 6 na sama, da gajeru guda 4 masu ƙafa ɗaya da rabi na ƙasa, sai elbo 2 da ti 2. Elbo yana haɗa na sama da na tsaye, ti kuma a gindi, ki zura gajerun gaba da baya su zama ƙafafu. Kada ki sa gam, da hannu ake cusa su, in an gama a zare a ɗaure a ajiye bayan gado. Ƙafa 7 ɗin nan kada ki rage, saboda ɗaurin ɗankwalin mata da takalma masu tsini. In ya gaza haka, fayif zai riƙa fitowa a saman kan mutane. Ni na zura sandar tsintsiya mai dogon hannu a cikin na saman don kada ya yi ciki.

Iska ce babbar abokiyar gabarki, musamman da yake a waje za ku yi. Yadin nan in ya buɗe, iska kaɗan ta ishe shi ya kifa a kan amarya. Ki cika buhunan shinkafa ƙanana da yashi ki danne ƙafafun, ko ki ɗora bulo, ki rufe da ragowar yadi. In da hali ki jingina shi kusa da bango, ki ɗaure saman da igiya a ƙusa ko ƙarfen taga.

Yadi kuwa, a nan mutane suke ɓata abin. Ban da fari tas. Wayar tana ganin farin ya yi haske sai ta rage, fuskokinmu su fito duhu, kwalliyar da aka biya kuɗi aka yi ta tafi a banza. Ban da mai sheƙi kuma, irin satin ko leshi mai duwatsu, don yana maido da hasken fitila. Ki nemi yadi marar zane, marar ƙyalli, ruwan toka ko ruwan ƙasa ko kore mai duhu, amma ki fara duba launin ankonku da kayan amarya, kada su saje da shi. A Kantin Kwari za ki samu mai sauƙi. Yadi 6 ya isa: a raba biyu, tela ya haɗa su a tsaye, ya kalmashe saman kamar gidan zariyar wando, ki zura fayif a ciki. In kuɗi sun matse, labulen falonki mai nauyi ya wadatar, ko na maƙwabciya. Ki goge shi sosai a daren, ki naɗe a jikin fayif maimakon ninkewa. Yamutsattsen yadi ba ya ɓuya a hoto, ni na gani da idona a ranar da ba zan manta ba.

Af, kuma ko me za ki ba wani ya yi miki a bikin nan, mai girki ce ko mai kanofi, kada ki ba da fiye da kashi ɗaya cikin uku sai kin ga kaya a ƙofar gida. Ki san gidan mutum, ki san wanda ya tsaya masa. Shafin Instagram ba adireshi ba ne.

Tunda kamu ne, ni da ni ce ba zan kashe kuɗi a kan furen roba ba. Ki shiga Kasuwar Kurmi ki sayo fayafai masu launi, manya da ƙanana, ki ɗinke su a jikin yadin daga kusurwa guda suna gangarowa, ki shimfiɗa sabuwar tabarma a ƙasa, ki ajiye ƙwarya da ludayi da tumtum ko kujera 'yar tsuguno a gefe. A walimarmu allo muka jingina da tawada da alƙalami, mutane suka yi ta tambayar wa ya yi mana. Rabin kayan nan ma suna ɗakin kakarku, ki tambaye ta. In yaran sun matsa sai an sa balan-balan, launi biyu ya isa, ba sai an sa musu gas ba. A hura da famfon hannu, kada a cika su tam, a ɗaura a zare mai ƙarfi a zagaya kusurwar sama. A hura su da safen ranar a ajiye a inuwa, rana tana fasa su. Ki sa wata ta riƙa tsince fasassun nan take, don yara ƙanana suna sa su a baki, kuma suna shaƙe yaro. Wannan ba abin wasa ba ne.

Haske shi ne rabin hoton. Ki tsaya a tsakar gidan yau da la'asar ki ga inda rana take faɗuwa, ki kafa shi yadda hasken zai zo a fuskar masu tsayawa, ko mafi kyau a inuwa mai haske. In rana tana bayansu, baƙi ƙirin za su fito. Daga bayan la'asar zuwa kafin magariba ne lokacin da hoto ya fi kyau, don haka ki ja amarya da iyaye ku ɗauki naku da wuri, kafin jama'a su yi yawa kwalliya ta narke. Na dare kuwa kada ki dogara da NEPA. Fitilar zoben nan ta masu TikTok, ba sai kin saya ba, cikin ƙawayen amarya ba za a rasa mai ita ba. Tana zuwa da ƙafarta da wurin maƙala waya, kuma yawancinsu suna aiki da fawa bank. In za ki saya, ki duba Farm Centre, ki haɗa da ɗan rimot na Bluetooth. Ki ƙara fitilu masu caji biyu, dama da hagu, a ɗan sama da kai, duk farare. In kin gwama fari da ruwan ɗorawa fatar mutane sai ta fito wata iri. Kada ƙwan lantarki ya taɓa yadi, kada kuma a bar wayar lantarki a miƙe a inda ake wucewa. Masu tsayawa su matso taku ɗaya daga jikin yadin don inuwarsu ta faɗi ƙasa, ki manna ɗan salatif a tabarma inda za a riƙa tsayawa. Mai ɗauka ta goge gilashin kyamara da gefen mayafi, ta danna fuskar mutum a allon wayar kafin ta ɗauka.

Waya ɗaya za a ware, a share mata wuri, a ba yarinya mai hankali guda ɗaya, mace. Wannan ya dame ni ƙwarai: taron mata ne, wasu za su yaye mayafi su saki jiki, washegari ki ga hoton matar mutane yana yawo a sitatus. Na san auren da ya girgiza a kan haka. Ki faɗa da bakinki tun farko cewa ba a ɗora hoton kowa sai da izininta, kowa a tura mata nata ita kaɗai. In za a tura ta WhatsApp a danna HD ko a tura a matsayin dokumen, in ba haka ba yana rage musu kyau.

Ki gwada haɗa shi gaba ɗaya kwana biyu kafin ranar, da la'asar da kuma da dare, ki tsayar da ƙanwar taki ki ɗauka ki gani. Ranar kuma ki ɗora wa wani ƙaninku kafawa, ke yayar amarya ce, za a yi ta kiranki ta ko'ina, ki samu ki ci abinci ki yi wankanki a natse. Maganar dangin ango kuma kada ta hana ki barci, mai son magana ko zinare kika rataya sai ta yi.

Fayif ɗina da buhunan yashin suna nan a ajiye, da fayafai guda 9. In kina cikin Kano ki yi min magana ta ciki ki turo a ɗauka, ba ko kwabo, sai dai a dawo min da su cikakku don wata ma ta nema a watan gobe. Allah Ya sanya alheri, Ya ba su zaman lafiya, Ya rufa mana asiri baki ɗaya.