Abin da ake yi kafin a fara motsa katun

Malam, ka ce kana da labari, kana son mayar da shi fim ɗin katun, amma ba ka san abin da ake fara yi ba.

Rubutu ne farko. Shafi ɗaya yakan ba da kusan minti ɗaya a allo, don haka shafi biyar sun ishe ka gwaji. Sai zanen mutanen labarin: kowanne ta gaba, ta gefe, ta baya, da fuskarsa in yana dariya ko fushi. Kar ka cika ado. Aska takwas a babbar riga da kyau, amma mai zane zai sake ta sau ɗaruruwa.

Daga nan a zana labarin fage-fage, a nuna inda kyamara take. Ɗauki muryoyi tun yanzu, domin bakin katun murya yake bi. Jera zanukan da muryar a kwamfuta ka kalla. Shi ake kira animatik. Nan za ka ga fagen da ya yi tsawo, ka yanke shi tun ba a ɓata masa wata guda ba.

Lissafi ne ke kayar da mutane. Daƙiƙa ɗaya hoto 24 ce. Ko 12 aka zana, minti ɗaya zane 720 ne. Manhajojin zane na kwamfuta irin su Blender da Krita kyauta ne, ladan mai zane kuwa sai ka tanada.

Nemi gwanin sauti don ɗaukar murya, da lauya ya rubuta wanda ke da haƙƙin mallakar zanukan.