Tambaya da Amsa: Kai intanet, hoto da sauti zuwa ginin bayan gida

Tambaya: Assalamu alaikum. Gidanmu sassa biyu ne, babban gida a gaba, sai gini mai ɗaki biyu a baya, kimanin mita 60 tsakaninsu, inda ƙanena yake zaune da iyalinsa kuma yake aikinsa na kwamfuta. Rautarmu mai layin waya, wato na'urar da ke raba mana intanet, tana falon babban gida. Na sayi ƙaramar na'urar nan da ake cusawa a soket don ƙara ƙarfin Wi-Fi, amma har yanzu bidiyo yana tsayawa, kira kuma yana yankewa. Wani mai gyara ya ce a ja wayar intanet ta saman rufi. Shin shawararsa daidai ce? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Mai gyaran ya yi gaskiya da ya ce waya ce maganin matsalar, amma ban yarda da hanyar da ya zaɓar mata ba, kuma ina so ka fahimci dalili kafin ka kashe ko kwabo.

Na'urar da ka saya ba ta ƙirƙirar ƙarfi daga kanta, abin da ta ji kawai take maimaitawa. Idan saƙon ya iso mata a raunane bayan ya ratsa bangon bulo biyu ko uku, da rodin da ke cikin siminti, da ƙarafunan taga, to raunannen saƙon za ta sake watsawa, ko da wayar hannu ta nuna sanduna a cike. Bugu da ƙari, masu arha daga cikinsu da rediyo ɗaya suke saurare kuma da shi suke magana, saboda haka gudun yakan ragu da kusan rabi tun kafin a lissafa asarar bango. Zangon Wi-Fi na 2.4 GHz ya fi nisa da ratsa gini amma cunkushe yake da na maƙwabta, zangon 5 GHz kuwa ya fi gudu amma bango yana saurin kashe shi. Rufin kwano ma mayar da saƙon yake yi baya.

Wayar intanet ta tagulla, irin Cat5e ko Cat6, tana ɗaukar gigabit ɗaya a daƙiƙa har tsawon mita 100, kuma wannan iyakar ta haɗa da gajerun wayoyin da ake jonawa a kowane ƙarshe. Tsawon hanyar da wayar za ta bi ake aunawa, da hawa bango da sauka da zagaye lungu, don haka mita 60 ɗinka za ta iya komawa 75 ko 80. Har yanzu kana cikin iyaka, nisa bai hana ka ba. Abin da ke damuna shi ne tsawa. Ba sai aradu ta faɗa kan wayar kanta ba: idan ta sauka kan bishiya ko turken lantarki da ke kusa, doguwar wayar ƙarfe da ke rataye a sarari takan ɗauki wuta mai ƙarfi cikin ƙiftawar ido, kuma a daidai wannan lokacin ƙasar da ke ƙarƙashin gini ɗaya ba ta zama daidai da ta ɗayan a ƙarfin lantarki. Wutar sai ta nemi hanyar daidaita kanta, ta bi ta siririyar wayar da ta haɗa gine-ginen biyu, ta ƙona rauta, sau da yawa har da talabijin ko kwamfutar da ke jone da ita. Duk wanda ya san hadarin farkon damina a Zariya ya san wannan ba abin wasa ba ne. Ga kuma rana, wadda ke busar da rigar wayar cikin ɗaki har ta tsattsage ruwa ya shiga.

Shawarata ita ce ka haƙa rami ka binne bututun roba, ka zura wayar faiba a ciki. Faiba zaren gilashi ne da ke ɗaukar haske, wutar lantarki ba ta bin sa, saboda haka matsalar tsawa tsakanin gine-ginen ta kau gaba ɗaya. Mutane suna jin tsoron sunan suna zaton aikin manyan kamfanoni ne, alhali ana sayar da ita a yanke, an riga an ɗaura mata kawuna daga masana'anta, ba ka buƙatar injin haɗa gilashi. Abin da za ka ƙara shi ne ƙananan akwatuna biyu masu juya saƙon tagulla zuwa haske, ɗaya a kowane gini, ka tabbata masu gigabit ne kuma sun dace da irin faibar da irin kawunanta. Ya fi sauƙi ka saye su tare a wuri ɗaya a gwada maka su a gabanka. Ka zaɓi wadda babu sulken ƙarfe a jikinta tunda bututu zai kare ta, domin sulken ƙarfe yana dawo da hanyar wutar da muke gudu idan ba a haɗa shi da ƙasa ba. Kada a lanƙwasa ta da ƙarfi, kada a cire murfin kanta sai lokacin jonawa saboda ƙura, kuma kada kowa ya leƙa bakinta da ido idan tana jone, domin hasken ba ya ganuwa amma yana iya cutar da ido.

Bututun da kansa ya cancanci kulawa fiye da kowane abu a wannan aiki, domin waya tana tsufa a canja ta, amma ba wanda yake son ya sake fasa daɓen tsakar gida. Ka yi amfani da mai faɗin milimita 25 ko 32, a zurfin kusan rabin mita, da kwana masu laushi maimakon gwiwa mai kaifi. A bar igiya a ciki don jan wata waya nan gaba, a toshe bakunansa biyu saboda ɓeraye da ruwan sama. Idan dole sai tagulla za ka sa, ka nemi Cat6 ta waje, ka binne ta a bututunta daban da na wayar lantarki, ka sa na'urar kariyar tsawa a kowane ƙarshe a haɗe da sandar ƙasa mai kyau. Kuma ka kankare zare ɗaya da reza kafin ka biya: idan cikinsa ya fito fari, alminiyam ne aka shafa wa tagulla, yana saurin karyewa kuma yana zafi idan aka tura wuta ta cikinsa.

Idan gidan haya ne ko haƙa ba zai yiwu ba, akwai na'urori biyu da ake kafawa a jikin bango suna kallon juna, irin waɗanda Ubiquiti da MikroTik da TP-Link suke ƙerawa. An yi su ne don nisan kilomitoci, don haka mita 60 ba komai ba ce gare su, har ma sai an rage musu ƙarfi. Sharaɗinsu guda ne, su ga juna sarai, ba darbejiya ko mangwaro ko tankin ruwa a tsakani. Kuma ka tuna bishiyar da ba ta da ganye a rani za ta cika da damina. Na'urorin da ke tura intanet ta cikin wayar lantarkin gida kuwa ba na ba da shawararsu a irin gidajenmu, inda wuta ke sauyawa tsakanin NEPA da janareto da inbata, kuma sau da yawa ginin baya yana kan mitarsa daban.

A ɗakin ƙanenka, ko tsohuwar rauta ta isa. A kashe mata sashen da ke raba adireshi, wato DHCP, don babbar rauta ce kaɗai za ta yi wannan aikin, a jona wayar a ɗaya daga ramukan LAN, a ba ta suna da kalmar sirri iri ɗaya da na babban gida, amma a raba musu tasha: a zangon 2.4 GHz, tashoshi 1 da 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna. Kwamfutar aikinsa a jona ta da waya kai tsaye. Ka sa duk waɗannan ƙananan na'urori kan inbata ko batir a ɓangarorin biyu, in ba haka ba ɗaukewar wuta a gini ɗaya ta yanke ɗayan. Daga ƙarshe, ka auna gudun intanet ɗinka a gaban babbar rauta da yamma, lokacin da layi ya fi cunkoso, domin babu wayar da za ta kai baya abin da bai shigo gaba ba. Netflix, kamfanin nuna fina-finai ta intanet, yana ba da shawarar megabit 5 a daƙiƙa ga hoto mai tsabta da 15 ga 4K, kuma awa ɗaya ta hoto mai tsabta tana iya cin data har gigabait 3.

Tambaya: Muna da dish ɗaya da dikoda a falo. Mun sayi dikoda ta biyu don ɗakin surukata da ke bayan gida, mai haɗawa ya raba wayar dish ɗin gida biyu. Yanzu idan aka canja tasha a falo, wasu tashoshin sai su ɓace a wajenta. Mene ne laifin? Daga wata mai karatu a Katsina.

Amsa: Hajiya, laifin ba na dikodar ba ne. Ƙaramar na'urar da ke bakin hannun dish, wadda ake kira LNB, ba ta turo dukkan tashoshi a lokaci ɗaya. Dikoda ce take gaya mata rukunin da take so, ta hanyar tura mata bolt 13 ko bolt 18, tare da wani sauti na 22 kHz ko babu shi, wanda ya raba tashoshin rukuni huɗu. Idan dikoda biyu suna kan waya ɗaya, umarnin ɗaya yakan rinjayi na ɗayar, shi ya sa Mama take rasa duk tashar da ba ta cikin rukunin da ake kallo a falo. Gyaran ba shi da tsada: a canja LNB ɗin zuwa mai baki biyu ko huɗu, a ja wa kowace dikoda wayarta ta RG6 tun daga dish, a naɗe mahaɗan waje da kyau saboda ruwa. Wannan ya wadatar ga tashoshin kyauta irin na Nilesat da Arabsat. Idan kuma na DStv ne, kamfanin yana da tsarin XtraView mai haɗa dikoda har uku a gida ɗaya kan biyan kuɗi ɗaya da ƙarin wani abu kowane wata, kuma ya kamata wanda ya san tsarin ya haɗa shi.

Akwai hanya ta biyu idan Mama ba ta damu ta kalli abin da ake kallo a falo ba, wato a raba hoton dikoda ɗaya. Wayar HDMI ta yau da kullum takan fara ba da matsala bayan mita 10 zuwa 15, don haka ana amfani da akwatuna biyu masu tura hoton ta wayar Cat6, kuma masu tsarin HDBaseT suna kai mita 70, wasu har 100. A nemi masu mayar da umarnin rimot don ta iya canja tasha daga ɗakinta. Sai dai ni na fi son a ba dattijuwa dikodarta, ta kalli wa'azi ko Arewa24 a lokacin da ta ga dama ba tare da jiran jikoki su gama kallon ƙwallo ba. Gargaɗin tsawa da na yi a sama ya shafi waɗannan wayoyin ma, domin duk ƙarfe ne. Idan ɗakin nata yana da nisa, kafa mata ƙaramin dish a jikin gininta yakan fi jan doguwar waya sauƙi da aminci.

Tambaya: Ina so a riƙa jin karatun Alƙur'ani da tafsiri a falo, da kicin, da zaure, da rumfar tsakar gida daga amfilifaya ɗaya. Na jona sifiku huɗu, sai ta riƙa zafi tana kashe kanta. Daga wani mai karatu a Maraɗi.

Amsa: Alhaji, amfilifayar tana kare kanta ne, kuma gara ka dakata kafin ta ƙone. Sifikun gida yawanci om 8 ne, om kuwa shi ne ma'aunin yadda sifika ke tare wutar da ke bi ta cikinta. Idan aka jona biyu a baki ɗaya sai su koma om 4, huɗu kuwa om 2, alhali mafi yawan amfilifayoyin gida an ƙera su ne don om 4 zuwa 8, ƙasa da haka sai su ja wutar da ta fi ƙarfinsu. Ga irin buƙatarka, tsarin da masallatai da makarantu suke amfani da shi ya fi dacewa, wato amfilifaya mai layin bolt 100, ko 70 a wasu na'urorin. Kowace sifika tana da ƙaramin taransifoma a jikinta da wurin zaɓen wat, ana jera su duka kan waya biyu, siririyar waya ma tana kai sautin nesa ba tare da asara mai yawa ba. Lissafinsa mai sauƙi ne: ka tara wat ɗin da ka zaɓa wa kowace sifika, jimillar kada ta wuce kashi 80 cikin 100 na ƙarfin amfilifayar. Sifiku huɗu masu wat 10 sun zama wat 40, amfilifaya mai wat 60 ta ɗauke su da sarari. Ka sa makunnin rage sauti a bangon kowane wuri, domin wanda ke salla ko barci a falo ya iya ragewa ba tare da ya kashe wa masu girki ba, ka kuma sayi sifika mai jure ruwa don rumfar, a juya fuskarta cikin gida saboda haƙƙin maƙwabta. Bluetooth ba zai yi wannan aikin ba, domin nisansa bai cika wuce mita 10 ba; amfaninsa a nan shi ne tura karatun daga wayar hannu zuwa amfilifayar idan kana kusa da ita.